Littafin Akawu Ya Cika: Wace Manhaja Ce Za Ta Riƙe Lissafin Kamfani a Potiskum?

Dukiyar da ke juyawa a Potiskum ranar Laraba ba ƙarama ba ce. Kasuwar shanun garin tana cikin manya a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga tirelolin da garin ya yi suna da su, masu kai dabbobi da wake da gero kudu su dawo da wani lodin. Amma in aka tambayi inda lissafin wannan dukiya yake kwana, amsar ba ta wuce wuri uku: littafi mai kaurin bango a durowar akawu, saƙonnin murya a WhatsApp, da kan maigida. Muddin mutum ɗaya ne ke saye yana sayarwa, wannan ya isa, kuma ya daɗe yana isa. Rigima tana farawa ne ran da hannu ya yi yawa. Maigida yana Kano, akawu yana ofis, wani yaro yana kara yana biyan la'ada, direba yana hanyar Lakwaja yana kira a tura masa kuɗin taya. Kowa da lissafinsa, kowanne kuma gaskiya ne a wurin mai shi, amma in an zo haɗawa sai su ƙi haɗuwa.

A irin wannan lokacin ne ɗan maigida ko ƙanensa, wanda ya ɗan taɓa karatun kwamfuta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin ko a Damaturu, yakan ce a bar littafi a koma manhaja. Shawarar tana da kyau. Sai dai da ya buɗe intanet zai tarar da sunaye rututu: Excel, Google Sheets, Airtable, Baserow, NocoDB, Grist, AppSheet, KoboToolbox, kowacce tana cewa ba sai ka iya rubuta furogiram ba, kai ma za ka gina naka. Yawancin masu yabon waɗannan manhajoji suna zaune ne inda ba a ɗauke wuta, sabis ba ya yankewa, dala kuma ita ce kuɗin aljihunsu. Abin da suke aunawa daban, abin da zai kayar da mu daban. A ganina ma'aunin da ya dace da mu shi ne a dubi wanda ya fi kowa nisa da ofis, mai ƙaramar waya, a ranar da sabis ya fi lalacewa, a tambaya ko zai iya shigar da abin da ya kashe. In ba zai iya ba, duk kyan manhajar aikin banza ne.

Kafin a kai can, sai an rarrabe abu biyu da ake yawan cuɗawa: jadawalin lissafi da rumbun bayanai. Jadawalin lissafi irin na Excel shafi ne mai gidaje, kowane gida yana karɓar duk abin da aka zuba masa, ba ya tambaya. Haka abin yake tun VisiCalc na 1979. Excel ya fito a 1985, Google Sheets kuma a 2006 ya zo da damar mutane da yawa su yi rubutu a shafi ɗaya. Wannan rashin tambaya shi ya sa kowa ke iya koyonsa a yini guda, shi ne kuma ke jawo ɓarna in an jima.

A ɗauki misalin shafin da akawun wani kamfanin tireloli ya riƙe na wata shida. A layi na 14 an rubuta "Alh. Muhammadu mai wake", a na 90 "Alh Mamman", a na 203 "Moh'd wake", alhali duk mutum ɗaya ne. Ran da maigida ya ce, "Malam, nawa muke bin Alhaji Mamman?", kwamfuta za ta tara na suna ɗaya ta bar biyu, ta ba da amsa babu ko alamar wani abu ya ɓace. A gidan kuɗi wani ya rubuta 250,000, wani 250k, wani "250 saura 40". Biyun ƙarshen nan rubutu ne a wurin Excel, ba lamba ba, don haka ba za su shiga jimla ba. Lambar wayar da ta fara da 080 takan koma 80, domin Excel yana zubar da sifilin farko. Haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10, in ta fara da sifili sai ta dawo 9, a zo tura kuɗi a rasa inda aka yi kuskure. Kwanan wata ma bai tsira ba: 3/4 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, gwargwadon ko an saita kwamfutar a tsarin Ingila ko na Amurka.

Kada a ɗauka sakacin ƙananan 'yan kasuwa ne kawai. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga rahotonta ba, saboda an yi ta zuba bayanan a tsohon nau'in fayil na Excel wanda iyakarsa layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube, ba wanda ya ji ƙara.

Rumbun bayanai ya sha bamban, domin yana da doka. Kowane gida an faɗa masa abin da zai karɓa: wannan kuɗi ne, wannan kwanan wata, wannan lambar waya, wannan kuma zaɓi ne daga cikin abu huɗu. Sannan, wanda shi ne ƙashin bayan abin, kowane abu sau ɗaya ake rubuta shi. Ana yin jadawalin mutane daban, na motoci daban, na tafiye-tafiye daban, na shiga da fitar kuɗi daban, a ɗaure su da juna. Alhaji Mamman yana da layi ɗaya tak a jadawalin mutane. Duk tafiyar da aka ɗaukar masa kaya, ba a sake rubuta sunansa, zaɓo shi ake yi daga jeri. In ya sauya lambar waya, wuri ɗaya za a gyara. Wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 1970, amma shekaru da dama sai ƙwararru ke iya aiki da shi. Microsoft Access na 1992 ya sauƙaƙa. Abin da Airtable, wanda aka kafa a Amurka a 2012, da masu bin sawunsa suka yi shi ne suka sa wa rumbun bayanai fuskar Excel, ta yadda akawu zai ga shafin da ya saba gani, dokar kuma tana aiki a ƙarƙashi.

Wannan ya sa aikin da ya fi wuya ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Sai an zauna da maigida da akawu da tsohon direba, da biro da takarda, an warware abubuwan da kowa ya ɗauka ya sani. Kafin alƙalamin da mai kaya ya bayar, kuɗin shiga ne ko bashi ne a kanmu har sai an sauke kaya? Tafiya tana ƙarewa a wurin saukewa ne ko sai mota ta dawo Potiskum? In direba ya samo lodin dawowa da kansa, a wace tafiya za a sa shi, kuma nawa ne rabonsa? La'adar ɗan kamasho, a kan mai mota take ko a kan mai kaya? In saniya ta mutu a hanya, a littafin wa za ta fito? Sau da yawa a nan ake gane cewa wa da ƙane sun shekara goma suna kasuwanci tare amma kowa da yadda ya fahimci waɗannan abubuwa. Babu manhajar da za ta yanke wannan hukunci. In an tsallake shi, ruɗanin da ke cikin littafi ne za a kwashe a zuba a waya, a kuma biya kuɗin wata a kansa.

To, sai maganar sabis, wadda a wurina ita ce ta farko. Mutanen Yobe ba sa bukatar a ba su labari. Bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, an rufe layukan waya, sai a watan Yuli aka maido da su a Yobe. An yi irin haka a Zamfara a watan Satumban 2021. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har hada-hadar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama. Waɗannan manyan ne. Na kullum shi ne kara ranar kasuwa, lokacin da dubban wayoyi suka taru a wuri ɗaya, da dogayen dazuzzukan hanya inda waya ke nuna babu komai.

A nan manhajojin suke rabuwa gida biyu. Airtable, da Baserow da NocoDB irin wanda ake shiga ta shafin kamfanoninsu, sai da intanet suke aiki, in babu sabis babu rubutu. Google Sheets yana da tsarin aiki ba tare da intanet ba, amma sai an kunna shi tun da wuri, kuma duk wanda ya taɓa neman gida ɗaya a shafi mai layi ɗari biyar a kan ƙaramar waya, cikin rana da ƙura, ya san yadda yatsa ke faɗawa gidan maƙwabci. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda tun asali don daji aka ƙera su. ODK ya fito daga Jami'ar Washington a 2008, KoboToolbox kuma ya taso ne daga masu aikin jin ƙai a Jami'ar Harvard. Ana cike fom a waya ko babu sabis, ya zauna a ciki, in an shigo gari ya tafi. Matasa da yawa a Yobe da Borno sun riga sun san su ta hanyar aiki da ƙungiyoyin agaji, wannan kuwa riba ce, domin ba sai an koya musu daga farko ba. Rauninsu shi ne sun fi ƙwarewa a tattarawa. Kobo zai karɓi abin da direba ya kashe, amma ba aikinsa ba ne ya nuna masa nawa ya rage a hannunsa. AppSheet, wanda Google ya saya a watan Janairun 2020, yana tsakiya: yana ɗaukar shafin Google Sheets ya mayar da shi manhajar waya mai fom da maɓallai, tana aiki babu sabis, ta daidaita kanta in ya dawo. Ga kamfanin da rabin ma'aikatansa suna kan hanya, ni nan zan fara dubawa.

Fom ɗin kansa ya cancanci a ɓata masa lokaci. Yaron mota ba zai zauna yana buga dogon bayani da Turanci ba, kuma bai kamata a sa shi ba. A rubuta tambayoyin da Hausa, duk manhajojin nan suna karɓa. A ba shi zaɓi ya taɓa: gas, taya, shinge, abinci, gyara. Ya sa adadin kuɗi, ya ɗauki hoton rasit in akwai, shi ke nan. Abu huɗu ko biyar. Duk tambayar da aka ƙara bayan wannan, an ƙara dalilin da zai sa ya ce, "Alhaji, ai na tura maka a WhatsApp." Hoton ma a rage masa nauyi, tunda hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuma yawanci daga aljihun yaron datar ke fita.

Sai kuɗi. Kusan dukkansu suna buɗe ƙofa da kyauta, kyautar kuma tana da iyaka. A tsarin da Airtable ya fitar a 2023, na kyauta yana ɗaukar layi 1,000 a rumbu ɗaya da masu gyara 5. Dubu kamar da yawa, amma a lissafa: tirela 5, kowacce tafiya 3 a wata, kowace tafiya layin kashe kuɗi 12, an sami 180 a wata. Kafin wata shida ya cika an kai bango, a daidai lokacin da kowa ya saba, komawa baya kuma ya yi wuya. Mataki na gaba dala 20 ne ga kowane mai gyara a wata, in an biya na shekara gaba ɗaya. Mutum 6 ke nan dala 1,440 a shekara. Lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, wannan bai kai naira 700,000 ba. A kan 1,500, farashin da aka gani a 2024, ya haura naira miliyan 2. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku. Ga kuma wahalar biya, tunda bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje a 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Akwai dabarar rage wannan nauyi: wanda ke cike fom kawai ba a lissafa shi cikin masu gyara a Airtable, don haka ba sai an biya wa direbobi ba, akawu da maigida sun isa. Google Sheets kuwa yana ɗaukar gidaje har miliyan 10 a fayil ɗaya ba tare da an biya komai ba, ko da yake tun kafin a kai can zai fara jan ƙafa a waya.

Wasu za su ce a ɗauki Baserow, wanda aka ƙera a Holan, ko NocoDB ko Grist, a ɗora a kwamfutar ofis, a huta da dala. Ana iya yi, kuma Grist har hukumomin gwamnatin Faransa suna amfani da shi. Amma kwamfutar nan tana son wuta dare da rana, wato sola da batir, tana son mai sabunta ta, da mai kwafe bayanan ya ajiye a wani wuri. In babu mutumin da wannan ne aikinsa, kuma zai daɗe, arahar za ta fita ta wata hanya ran da kwamfutar ta ƙi tashi.

Abin da ba a cika faɗa a fili ba, amma shi ke ran kowane maigida, shi ne wa zai ga me. Ba ya son direba ya ga ribar tafiya, ba ya son wannan dillali ya ga bashin wancan. A Google Sheets ana iya kulle gida a hana gyara shi, amma duk wanda aka ba fayil yana iya kaiwa ga abin da ke ciki, ɓoye shafi kuma ba kulle ba ne. A Airtable ma wanda aka gayyato cikin rumbu yana ganin rumbun duka, sai dai a gina masa fuska ta daban. Grist ya yi fice a nan, domin ana iya cewa wannan mutum layukansa kaɗai zai gani, AppSheet ma yana iya tace wa kowa nasa. Sannan akwai maganar goge-goge. Littafin takarda yana da wata fa'ida da ba a yaba masa: in an kankare lamba, wurin yana nunawa. A kwamfuta 250,000 na iya komawa 205,000 shafi yana nan fes. Abin da ke tsare wannan shi ne tarihin gyara, wanda ke nuna wa ya taɓa me da yaushe, amma ba ya da amfani in mutum biyar suna shiga da imel ɗaya da kalmar sirri ɗaya, kamar yadda aka fi yi. Kowa ya shiga da nasa. A kuma kafa doka tun ranar farko cewa ba a goge layin kuɗi, in an yi kuskure a ƙara layin gyara a ƙasa, kamar yadda tsofaffin akawuna ke yi.

Makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyi suna da ƙarin nauyi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe bayanan mutane. Shafi mai sunaye da lambar NIN da BVN, wanda aka saita shi a kan duk mai adireshinsa ya buɗe, sannan aka jefa adireshin a zauren WhatsApp mai mutum ɗari, ya riga ya fita hannu.

A kuma gwada ƙofar fita tun kafin a shiga. Manhajoji suna mutuwa. Google da kansa ya fitar da wata mai suna Tables a 2020 don ta yi gogayya da Airtable, a 2025 ya sanar da rufe ta. Don haka a makon gwaji, a zuba lissafin wata ɗaya na gaske, sannan a fitar da shi zuwa fayil ɗin da Excel zai buɗe, a duba abin da ya biyo. Yawanci lambobi da sunaye suna fitowa, amma ɗaurin da ke tsakanin jadawali yana kwancewa, hotunan rasit kuma ba sa bin fayil ɗin, sai an sauke su daban. Gara a san haka da layi 200 da a sani da layi 20,000.

In aka tambaye ni, shago ko ofis mai mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya bai da dalilin wuce Google Sheets ko Excel, muddin an raba jadawalin mutane da na kuɗi, an kuma sa zaɓi a maimakon rubutun hannu. Mai motoci ko mai saye a kasuwannin ƙauye ya ɗora AppSheet a kai. Mai tattara bayanai daga gida-gida ya riƙe Kobo. Airtable ya fi dacewa da ofishin da ke da intanet tsayayye kuma kuɗinsa na shigowa da dala. Littafin kuma kada a yar da shi a wata ukun farko, a riƙa rubutawa a duka biyun ana gwadawa duk ƙarshen mako.

Saura abu ɗaya da ke kashe irin wannan aiki fiye da rashin sabis. Yawanci wanda ya gina rumbun matashi ne mai hidimar ƙasa ko ɗalibi mai neman sanin makamar aiki, kuma da imel ɗinsa ya buɗe komai, lambar tabbatarwa kuma wayarsa take zuwa. Hidimar ƙasa shekara ɗaya ce. Ran da ya tafi, ko ya sauya layi, lissafin kamfani ya bi shi, ba don mugunta ba. Tun ranar farko a buɗe imel da sunan kamfani, a ɗaura shi a layin da ke hannun maigida, mutum biyu su san kalmar sirrin, shi mai ginawa a gayyato shi a matsayin mai gyara. Kafin ya tafi kuma ya zaunar da akawu ya ƙara sabuwar mota da sabon direba da hannunsa, ya fitar da kwafin wata ya ajiye a filashi, shi yana gefe yana kallo bai taɓa komai ba.